Shekarar da Yaya Lawan Ya Sauko daga Bishiya

Ku da kuka tashi kuka tarar da injin ɓarzar itace a ƙofar gidanmu, lulluɓe da tamfol, kun ɗauka tun asali yana nan kamar dakalin zaure. Na kuma sha jin kuna gaya wa abokanku cewa babanku ne ya kawo shi unguwa. Ba ni ba ne. Ni dai nake tuƙa motar da ke jansa, ni nake zuwa karɓar aiki, shi ya sa sunana ya fi yawo a bakin mutane. Wanda ya yi tunaninsa, ya zaɓo shi, ya koya mana yadda ake zama da shi lafiya, Baffanku Lawan ne, yayana, wannan dattijon da kuke gani yana ɗingisawa zuwa masallaci. Ina so ku san yadda aka yi tun ina da ƙarfin riƙe alƙalami.

Sana'ar gidanmu ita ce sare bishiya da rage mata rassa. A hannun mahaifinmu muka gaje ta, mu biyu. Idan darbejiya ta yi girma ta fara tsaga katangar wani, ko reshen ceɗiya ya kwanta a kan kwano, daga Ƙofar Mazugal har Yakasai mu ake aiko wa. Yaya Lawan shi ne mai hawa, ni kuwa ina ƙasa riƙe da igiya. Ban taɓa ganin wanda ya san bishiya kamarsa ba. Yakan zagaya ta a hankali yana dubawa, sannan ya nuna mini wani ɗan fili tsakanin rijiya da madafa ya ce nan reshen zai sauka, kuma nan ɗin yake sauka. Amma wahalar aikin ba a sama take ba. Gungume ba ya kwana, masu sayar da itace da masassaƙa suna jiransa. Abin da yake cin ranmu shi ne tarin rassa da ganye da ƙaya da ake bari a ƙasa. Lungunan cikin birni ba sa ɗaukar babbar mota. Sai mu yi ta jida da amalanke har la'asar, ko mu tara mu cinna wuta hayaƙi ya cika gidajen mutane, ko kuma, idan mun gaji, mu bar saura a gefen hanya ruwan sama ya kwashe ya toshe kwata.

A farkon daminar wata shekara Yaya ya faɗo. Wata tsohuwar darbejiya ce a wani gida a Yakasai, reshen da ya taka ashe gara ta cinye cikinsa. Ba daga can ƙololuwa ya faɗo ba, amma a kan bakin dakali ya sauka, ƙugunsa ya karye. An yi ɗori, an je asibiti, ya warke, sai dai ƙafar dama ta gajarce. Likita ya gaya masa shi da hawa bishiya har abada. Ya shafe daminar nan kwance a zaure, yana kallona ina fita da safe ina dawowa da magariba jikina duk ƙaiƙayin ganye. Na samo wani mutum yana yi mana hawan, aikin dai yana tafiya, amma gidan ya yi sanyi. Innarmu, kakarku, ba ta faɗin sunansa domin shi ne ɗan farinta, sai ta ce “Yayanku”. Ita ta fara kawo shawara. Wani ɗan'uwanta yana da rumfa a Ƙofar Wambai, ya ce Yaya ya zo ya zauna masa.

“Zama ne kawai a inuwa,” in ji ta, tana magana da ni alhali shi take nufi. “Ka gaya wa Yayanku ya karɓa. Bishiya ta karɓi rabonta a jikinsa, ya isa haka.”

Yaya ya sunkuyar da kai ya ce, “Inna, na gode, Allah ya saka masa. Amma ni itace na sani. In ban hau ba, ai akwai aiki a ƙasa.”

A lokacin ban gane abin da yake nufi ba. Ashe duk kwanciyar nan tunani yake yi. Shekarun baya an taɓa kai mu aiki wata babbar gona a wajen gari, can ya ga wani inji da ake tura wa reshe sukutum da ganyensa, ya fito da shi ta wani bututu a ɓarje kamar tsakin masara. Ni na kalla na yi mamaki na manta. Shi bai manta ba. Wata rana bayan azahar ya kira ni ya ce zai sayar da rabonsa na gonar da Baba ya bar mana, ya sayi irin wannan injin. Na ce masa ya bari mu ƙara tunani. Ya ce ya gama tunanin, abin da ya rage shi ne gaya wa Inna. Ina zaune ya gaya mata. Ta saurare shi tana juya gefen zaninta.

“A gonar nan na kai wa ubanku abinci ina amarya,” ta ce. “Shi ƙarfen, ran da ya mutu, me za ku shuka a kansa?”

“Ba na iya noma ta, Inna. Ƙafar ba za ta bi kunya ba.”

“To. Rabonka ne.”

Ta tashi ta shiga ɗaki. Ba ta hana ba, ba ta kuma sa albarka a ranar ba, kuma na san wannan ya fi karayar ƙugun yi masa ciwo. Mahaifiyarku ce ta riƙa shiga wurinta tana lallashi. An sayar da rabonsa na gonar. Har Inna ta koma ga Allah, idan aka kawo mata sabon gero daga kasuwa sai ta juya shi a tafin hannu ta ce bai kai namu ba. Kada wani ya ce muku abin ya zo a sauƙaƙe.

Kafin mu tafi sayen injin, Yaya ya yi wani abu da ya ba mutane dariya. Ya ɗauki sandar da yake dogarawa ya bi lungunan da muka fi samun aiki, yana gwada faɗinsu da ita, yana tsayawa a kowace kwana yana duban yadda za a juya da abin da ake ja. Inda ya fi matsi ya yi wa sandar tsaga da wuƙa. Ran tafiya kuma ya sa na loda rassa a bayan a-kori-kura: ɗanyar darbejiya mai ganye, busasshiyar tsamiya mai tauri, da wata bagaruwa mai ƙaya da ta rabu biyu kamar gwafa. Mai sayar da injinan wani Alhaji ne mai haƙuri, yana da fili a wajen gari cike da tsofaffin kayan noma da aka shigo da su daga waje. Da ya ga kayan da muka zo da su sai ya yi murmushi ya ce yau ya samu masu saye na gaske. Irin injin da muke nema guda uku gare shi. Ƙaramin, Yaya bai ɓata lokaci a kansa ba, domin da hannu ake danna masa reshe, kuma da aka ba shi ɗanyen ganye sai ya shaƙe. Babban kuwa, ni shi ya tafi da hankalina. Jan fenti, baki kamar ƙofar shago, ya haɗiye tsamiyar nan kafin in ƙifta ido.

“Yaya, wannan shi ne inji,” na ce. “Da wannan ko bishiyar kuka muka samu sai mu ga bayanta.”

Ya ɗora sandarsa a gaban tayoyin, ta nuna sun wuce tsagar da kusan taƙi guda.

“A ina za ka ajiye shi, Kabiru? A bakin titi, mu koma jida da amalanke zuwa wurinsa? Kuma gungumen da zai iya ci, ai shi ne abincinmu. Ba gungume ne ya dame mu ba.”

Sai ya koma kan na tsakiyar, wani kore da fentinsa ya koɗe. Ya sa aka kashe shi, aka jira har komai ya tsaya, aka buɗe masa ciki. Ya shafa wuƙaƙen da yatsa, ya tambaya ko ana kwance su a wasa a mayar, aka ce ana yi, har suna da baki biyu, in ɗaya ya dakushe a juya. Ya duba injin da ke juya su ya ga mai shan dizal ne irin wanda makanikan garinmu suka saba da shi. Ya tambayi inda ake samun bel ɗinsa. Sannan aka tayar, ya ba shi bagaruwar nan mai gwafa. Akwai wasu ƙarafa biyu masu haƙora a cikin bakin, su suka kama reshen suka matse gwafar suka ja ta da kansu, ba tare da an danna ba. Reshen yana tsakiyar shiga Yaya ya buga wani dogon ƙarfe da ya zagaye bakin injin, sai haƙoran suka tsaya cak. Ya ja ƙarfen baya, suka dawo da reshen waje. Ya maimaita da hannu, ya maimaita da gwiwar hannu, ya juya ya jingina da ƙugunsa mai ciwo ya ga ko zai tsaya. Ya tsaya.

“Wannan nake so, Alhaji,” ya ce. “Na babban na taɓa shi ɗazu, sai an yi da ƙarfi yake ji. Mutumin da abu ya fizga ba shi da ƙarfi.”

Alhajin ya ce gaskiya ne, zai sa a gyara na babban kafin ya sayar. Ya kuma bar Yaya ya yi kwanaki yana zuwa filin, makanikensa yana nuna masa yadda ake juya wuƙa da ɗaure ta da shafa giris. Da muka jawo injin gida, ya shige lungunmu da ɗan sarari a kowane gefe, kamar don shi aka gina katangun.

Dokokin da kuke jin ma'aikatanmu suna maimaitawa, duk a makon farko Yaya ya kafa su. Ba a zuwa gaban inji da babbar riga ko jamfa mai faɗin hannu ko carbi a wuya. Ba a tsayawa tsaye a saitin baki, sai a gefe, domin reshe yakan yi bulala idan haƙora suka kama shi. Gindin reshe ake fara ba shi, a sake shi, a ja da baya. Guntun da ya maƙale ba a bin sa da hannu ko ƙafa, da wani dogon reshe ake tura shi. Bishiyoyin cikin birni cike suke da ƙusoshi da wayar shanya da igiyar ɗaure akuya, saboda haka kowane reshe sai an duba shi. Idan za a buɗe ciki, makulli yana aljihun wanda zai sa hannu. Ba ya kuma tayar da shi sai ya aika gidajen da ke kusa ya ji ko akwai marar lafiya ko mai jego, kuma da an kira salla yake kashewa. Shi ne yake tsayawa a bakin injin, ya jingina sandarsa a katanga, ya ɗora nauyinsa a ƙafar hagu. Mutumin da aka ce ya gama aiki, sai ga shi aikin duka ta hannunsa yake bi.

Aikin da a da yake cin yini biyu ya koma na hantsi zuwa azahar. Masu lambu suka fara zuwa neman ɓarzajjen itacen, suna shimfiɗa shi a gindin shuka don ya riƙe laima, wasu suna tara shi ya ruɓe ya zama taki. Wani mai manyan lambuna ya ce duk abin da muka ɓarza a kai masa. Ni ina ta murna. Ban lura da abin da muka ɗauke wa wasu ba sai ranar da muka rage wata tsamiya a Yakasai. Mun gama, wurin ya yi fes kamar an share, sai ga Iya Falmata da igiyarta a hannu. Tsohuwa ce 'yar asalin Barno, an haife ta a unguwar, waina take toyawa a ƙofar gidanta tana riƙe da jikoki marayu. Tun zamanin mahaifinmu, duk inda muka yi sara ita da wasu mata suke zuwa su tsinci ƙirare su ɗaure, masu awaki kuma su kwashi ganye. Ta dubi ƙasa, ta dubi tarin da ke bayan mota.

“Lawan, ina ƙiraren?”

Yaya ya nuna motar.

“Ubanka bai taɓa tafiya da ƙirare ba,” ta ce. Ba ta ɗaga murya ba. “Na ji an ce ka sayo abin da zai hutar da ƙafarka, na yi maka murna. Ban san da murhuna za a ciyar da shi ba.”

Ta naɗe igiyarta ta juya. A hanyar gida na yi ta kawo hujja. Na ce mai lambu yana jiran mota cike, na ce idan muka tsaya jiran masu tsinta, saurin da aka sayar da gona dominsa ya tafi. Yaya ya bar ni na gama.

“Ka ga hannunta?” ya ce. “Igiyar ma ta jiƙa ta don kada ta tsinke. Tun safe ta shirya.”

Washegari ya sa aka kai mata kaya guda na busasshen itace daga gidanmu, ya bi bayan kayan da kansa ya ba ta haƙuri. Daga ranar ya ƙara doka ɗaya a kan sauran: idan rassa suka sauko, za a ware masu kaurin da za su yi girki a gefe, a sanar da unguwa, kuma ba za a tayar da inji ba sai mata da masu awaki sun ɗebi abin da za su iya. Inji zai ci ƙaya da ragowar da ba mai so. Motarmu ta daina cika, mai lambun nan ya gaji da mu ya koma wani wuri, kuma sau da yawa ina zaune a inuwa ina cizon yatsa ina kallon tsofaffi suna zaɓen ƙirare ɗaya bayan ɗaya. Yaya kuwa yana taya su ɗauri.

Da damina ta zagayo aka yi wata iska mai ƙarfi da asuba, ta tumɓuke wata babbar ceɗiya a Yakasai ta kwantar da ita a lungun da yake fita zuwa maƙabarta. A wannan safiyar kuma aka yi rasuwa a cikin lungun, wani dattijo maɗinki. Ɗaya hanyar ruwa ya cika ta har gwiwa. An yi wa mamaci wanka, an yi masa sutura, ga mutane sun taru, babu ta inda makara za ta wuce. Mai unguwa ya aiko mana. Muka tura injin da hannu har gaban bishiyar, mai hawanmu ya shiga yanka da zarton inji, mu muna ja. Iya Falmata ta leƙo daga wani soro, ta ga Yaya ya fara ware rassan girki kamar kullum.

“Yau ba shi duka, Lawan,” ta ce. “Bawan Allah yana jira.”

Aka tayar. Matasan unguwa suka yi layi suna miƙo rassa, Yaya shi kaɗai yake ba inji, yana duba kowanne da ido kafin ya sake shi. Ana cikin haka babban ɗan mamacin, wanda tun safe yake tsaye idonsa jajur, ya kasa jurewa. Ya sunkuci wani reshe ya nufi bakin injin da shi kai tsaye, yana sanye da babbar riga. Na hango reshen ya sarƙe hannun rigar, na hango haƙoran sun kama gindinsa, amma ina nesa. Yaya ya jefa ƙugunsa kan ƙarfen nan, komai ya tsaya. Ya sa hannu ya zare rigar daga reshen a hankali, ya riƙe kafaɗar mutumin ya matsar da shi gefe, ya kai baki kusa da kunnensa saboda ƙara.

“Ka koma wurin mahaifinka,” ya ce. “Wannan namu ne. Gawa ɗaya za a ɗauka yau a lungun nan, in Allah ya yarda.”

Mutumin ya dubi hannun rigarsa da ya yage, wasu suka kama shi suka mayar da shi cikin gida. Yaya ya ja ƙarfen, aiki ya ci gaba. Kafin rana ta take hanya ta buɗe, sai dai inda saiwar ta tashi ya zama taɓo mai santsi, wanda mutum ɗaya ma sai ya yi dabara, balle masu ɗauke da gawa. Ni na riga na juya bututun yana zuba a mota. Yaya ya ce in sauke duka. Muka kwashe da shebur da kwanuka muka shimfiɗa a kan taɓon tun daga gindin ceɗiyar har bakin titi, matasa suna takawa yana kwanciya. Lungun ya cika da ƙanshin ɗanyen itace.

Da aka ce ga su nan, Yaya ya kashe injin ya zare makulli. Shirun da ya biyo baya har yanzu ina jinsa. Aka fito da makara, masu ɗauka suka bi ta kan shimfiɗar nan ba wanda ƙafarsa ta zame. Mu muka raɓe a jikin katanga, jikinmu duk ɓarɓashi. Na ga ƙafar Yaya tana karkarwa saboda tsayuwa, ga wurin da ya buga a ƙarfe ya fara kumbura. Na ce masa ya hau mota in kai shi gida, ni zan wakilce mu a wurin binnewa. Ya karkaɗe hularsa ya mayar a kai, ya miƙa mini makullin.

“Rufe shi da tamfol,” ya ce. “Miƙo mini sandata.”

Na miƙa masa. Ya shiga sahun ƙarshe, a bayan tsofaffi, yana bin su a hankali.